Audu Baƙo: ɗan sandan da ya kawo wa Kano teku

Jihar Kano ba ta da gaɓar teku, kuma daga birnin Kano zuwa Legas tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000. Amma duk wanda ya hau duwatsun Rurum a ƙaramar hukumar Rano da sassafe, zai hangi ruwa shimfiɗe iyakar ganinsa, da ƙananan jiragen masunta suna komowa gaɓa, wasu da kifi, wasu kuwa da jiƙaƙƙen taru kawai.

Wannan ruwa shi ne tafkin Tiga, kuma kafin shekarun 1970 babu shi. Gonaki ne da ƙauyuka da daji a wurin, sai Kogin Kano da ke ratsa su, wanda kan cika ya batse da damina, ya koma rairayi da rani.

Mutumin da gwamnatinsa ta datse kogin shi ne marigayi Alhaji Audu Baƙo, kwamishinan 'yan sanda, gwamnan farko na Jihar Kano, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975.

Idan ana tuna shi, noman rani da gidan namun daji da manyan gine-ginen gwamnati ne ke fara zuwa bakin jama'a. Ba a cika kawo zancen kifi ba. Alhali kuwa a cikin komar masunci aka fi ganin abin da aikinsa ya bayar da abin da ya karɓe, domin ruwan da ya koya wa manoman ƙasar Rano su, shi ne ruwan da masuntan Haɗeja da Nguru suka wayi gari suna jira.

Daga bariki zuwa gidan gwamnati

An haifi Audu Baƙo a shekarar 1924 a barikin 'yan sanda na Kaduna. A lokacin garin Kaduna kansa sabo ne, domin shekaru bakwai ke nan da Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedkwatar Arewa can daga Zungeru. Mahaifinsa ɗan sanda ne da ya shafe fiye da shekaru 30 yana aiki, daga baya kuma ya zama Sarkin Sabon Garin Kaduna.

Ya yi karatu a makarantar gwamnati ta Kaduna, sannan ya wuce Makarantar Midil ta Zariya. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi sawun mahaifinsa ya shiga aikin ɗan sanda, bai wuce shekara 18 da haihuwa ba.

Ya koyar da doka a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, ya yi ta hawa mataki bayan mataki har ya kai mataimakin kwamishina mai kula da 'yan dokan En'e na Jihar Arewa baki ɗaya. Aiki ne da kan sa mutum ya san fada, ya san ofishin hakimi da gidan yari, ya kuma san inda talaka ke kukan ciwo.

A ranar 27 ga watan Mayu na 1967, shugaban mulkin soja Yakubu Gowon ya rusa tsarin manyan jihohi huɗu, ya ƙirƙiro 12 a madadinsu. Uku daga cikin sabbin jihohin Arewa shida 'yan sanda aka bai wa: Usman Faruk a Arewa maso Yamma, Joseph Gomwalk a Binuwai da Filato, sai Audu Baƙo a Kano.

Kanon da aka damƙa masa ta haɗa da Jihar Jigawa ta yanzu, wadda sai a 1991 aka cire ta. Wato masarautun Kano da Haɗeja da Gumel da Kazaure duk suna ƙarƙashinsa. Wannan batu na Haɗeja abin riƙewa ne, domin zai sake tasowa.

Shi ba haifaffen Kano ba ne, saboda haka sunansa ya zo daidai da halin da ya samu kansa. Ya tarar da jiha mai ɗimbin jama'a da ƙarancin ma'aikata masu ilimin zamani, ga shi rikicin 1966 ya sa ƙwararru da dama 'yan kudu sun bar birnin. Bai cika wata biyu da naɗi ba yaƙin basasa ya ɓarke, aka yi ta gwabzawa har watan Janairun 1970.

Sarkin Kano na lokacin, Alhaji Ado Bayero, wanda ya hau gadon sarauta a 1963, shi ma tsohon Wakilin Doka ne. A hannun waɗannan tsofaffin masu kaki biyu aka yi babban sauyin da ya karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga En'e ya mayar da su hannun gwamnati.

Gwamnan ya kuma yi dabarar haɗa mutanen da a baya ba sa ga maciji a siyasa. A majalisarsa an samu Maitama Sule, tsohon ministan NPC, da Tanko Yakasai, ɗan gani-kashe-nin NEPU, da attajiri Aminu Dantata, da Inuwa Dutse wanda ya riƙe ma'aikatar gona.

Ƙasar baba da rini, ba ƙasar su ba

Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma sarkinta shi ake kira Autan Bawo. A tarihin da aka gada, ita da Kano su ne sarakunan baba, wato saƙa da rini su ne rabonsu. Ba a san mutanen Rano da Kibiya da Bunkure da sana'ar ruwa ba, manoma ne da masaƙa da marina da fatake.

Ba wai ba a su ba ne. Ana yi, amma na ɗan lokaci. Idan damina ta ja baya, kogi ya yanke ya bar gurabe, sai a sa rana, a shiga da koma da gora, a kwashe abin da ya rage na tarwaɗa da gaiwa. Daga nan kuma sai baɗi. Sauran watannin shekara, mata da yara su ke tonon rairayi suna kwarfar ruwan sha, majiya ƙarfi kuma su tafi ci-rani.

Abin da Audu Baƙo da mashawartansa suka lura da shi bai da wuyar fahimta. Ruwan sama na sauka a Kano cikin watanni huɗu zuwa biyar, ya gangara ya wuce gabas. Idan aka tare shi, za a yi noma sau biyu a shekara, birni ya samu ruwan famfo, matasa su zauna gida.

An fara da madatsar Bagauda a 1969, wadda aka yi domin shayar da gonakin gwaji na Kadawa, inda ƙwararrun kamfanin NEDECO na ƙasar Holan suka yi aikin tsarawa. Da yaƙi ya ƙare kuma kuɗin man fetur suka fara shigowa, sai aka tunkari babban aikin.

Daga 1971 zuwa 1974 aka gina madatsar Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. Tsawon bangonta ya kai wajen kilomita 6, tsayinsa kuma mita 48. Tafkin da ya taru a bayanta ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kusan kubik mita miliyan 2,000. Kashin farko na shirin noman ranin Kogin Kano an auna shi a kan hekta 22,000, kuma babbar hanyar ruwan ta ƙasar Rano ta bi, inda ake da tafkin Ruwan Kanya.

Ana cikin ginin ne fari ya afka wa yankin Sahel, ya yi tsanani a 1973, dabbobi suka mutu, hatsi ya yi tsada. A 1975 kuma cuta ta cinye gyaɗa, dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi kamar da ba. Masu cewa gwamna na zuba kuɗi a rairayi sai bakinsu ya mutu. Shinkafar Kura da tumatirin Kadawa da alkamar da aka noma daga baya, duk daga wannan ruwa suke.

Sai dai ba kowa ne ya yi murna ba. Dubban mutane aka tasa daga ƙauyukan da ruwa ya cinye, aka sake musu matsuguni a ƙasar da sau da yawa ba ta kai tasu ta fadama albarka ba. Masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da suka bi sawun shirin a ƙarshen shekarun 1970 sun nuna cewa manyan manoma masu jari sun fi ƙanana cin moriyarsa. Tsargiya da zazzaɓin cizon sauro kuma suka samu wurin zama a bakin hanyoyin ruwan.

Ruwa don hutawa

Akwai wani ɓangare na tunanin Audu Baƙo da ya bambanta shi da yawancin takwarorinsa. Ya ɗauki hutu da shaƙatawa a matsayin abin da ya cancanci gwamnati ta kashe wa kuɗi. Gwamnatinsa ce ta fara tsara shirin yawon buɗe ido a jihar. Ita ta gina gidan namun dajin Kano a farkon shekarun 1970, wanda har yau jama'a ke cika shi da sallah.

A bakin tafkin Bagauda aka gina otal, a kan dutsen da ke kallon Tiga kuma aka gina wani mai suna Rock Castle. Kudu da tafkin ga dajin Falgore. Manufar a fili take: mutum ya bar hayaniyar birni ranar hutu, ya kwana a bakin ruwa, ya shiga jirgi, in ya so ya jefa fatsa, ba don cefane ba, don nishaɗi kawai.

Wannan al'ada ce da ta yi ƙarfi a wasu ƙasashe tun da daɗewa, kuma ƙololuwarta ita ce farautar kifin tuna a tsakiyar teku. Tuna, wanda yawancin 'yan Arewa a gwangwani suka san shi, kifi ne mai ƙarfi da gudu, yana tafiya garke-garke, yana ƙetare teku daga wannan nahiya zuwa waccan. A 1898 wani Ba'amurke mai suna Charles Holder ya kama guda mai nauyin kilo 83 da sanda da zare a kusa da tsibirin Katalina na jihar Kalifoniya, kuma a shekarar aka kafa ƙungiyar masu wannan wasa a can. A 1924, shekarar da aka haifi Audu Baƙo, marubucin nan Zane Grey ya kama wani mai kimanin kilo 344 a gaɓar Nova Scotia ta ƙasar Kanada.

Abin da hotunan irin wannan nasara ba sa nunawa shi ne jiran da ke bayanta. Masu wasan kan yi hayar jirgi da tsadar gaske, su yi nisa da gaɓa, su wuni suna jan ƙugiya ba abin da ya taɓa ta, wani lokaci kwana da kwanaki. Idan kifi ya ƙi ci, sai su bi tsuntsayen teku, domin inda tsuntsu ke sauka akwai ƙananan kifaye, inda suke kuwa tuna ba ya nisa. Su sauya zurfin ƙugiya, su rage kaurin zare, su canza koto, su fita tun asuba ko su dakata sai faɗuwar rana. Idan duk ya faskara, su koma gida su ce an dai sha iska.

Bahaushe bai saba da wannan ba. Farauta a wurinsa sana'a ce kuma wasa ce, amma su sana'a ce ta gado, mai sarautarta da asiranta. Inda ya zama wasa, kamar bikin Argungu da aka faro a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, gasa ce ta dubban mutane da ke rugawa cikin Matan Fada a lokaci guda, da kiɗa da kirari, a gama cikin kimanin sa'a ɗaya. Mutum ya zauna shi kaɗai a jirgi tun safe har la'asar yana kallon zare, kuma ya biya kuɗi a kan haka, wannan a idon mutanen karkara ya fi kama da rashin aikin yi.

Don haka, daga cikin dukkan abubuwan da aka yi wa Tiga tanadi, kamun kifi na nishaɗi shi ne wanda bai yi saiwa ba. Waɗanda suka gaji tafkin ba masu hutu ba ne. Mutane ne da idan kifi ya ƙi ci, tukunya ce ba za ta hau wuta ba.

Shekarun cika jirgi da shekarun jira

Kowane sabon tafki yana da ƙuruciya. Idan ruwa ya haɗiye gonaki da ciyawa da itatuwa, sai su ruɓe su zama taki, ƙananan halittun da kifi ke ci su yawaita, kifin ya hayayyafa fiye da kima. Bayan 'yan shekaru takin ya ƙare, tafkin ya koma gwargwadon ƙarfinsa na gaskiya. An ga haka a tafkin Kainji, wanda aka kammala madatsarsa a 1968: kamu ya kai ƙololuwa a farkon shekarun 1970, sannan ya faɗi ƙasa da rabi cikin ɗan lokaci.

Matsalar ita ce labarin shekarun albarka ya fi kifin daɗewa. Shi ke janyo masunta daga nesa, irin su Sarkawa da sauran masu bin ruwa, shi ke kuma sa manomin da ya rasa gonarsa ya sayi jirgi ya koyi sana'ar. Kafin a ankara hannaye sun yi yawa, kifin kuma ya fara ja baya.

Kifayen da suka fi jin daɗin ruwa mai kwanciya, musamman karfasa, su suka fi amfana. Akwai tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu da kawara. Amma kifayen da ɗabi'arsu ita ce su bi sabon ruwa su hau fadama su yi ƙwai, bango ya tare musu hanya. Itatuwan da aka bari a tsaye a ƙarƙashin ruwa sun zama maɓoyar kifi, sun kuma zama abin da ke yaga taru.

Ko a shekara mai kyau, tafki yana da watannin rowa. Da hunturu ruwa kan yi sanyi, karfasa ta rage ci, ta sauka ƙasa, iska kuma ta tayar da igiyar da ƙaramin jirgi ba ya iya jurewa. Idan tafkin ya cika maƙil, kifi kan bazu cikin ciyawar gefe, ya yi wuyar samu. Sai ruwa ya fara janyewa, zafi ya shigo, kamu ke gyaruwa.

Dabarun masuncin Tiga a irin waɗannan kwanaki ba su da nisa da na attajirin da ke farautar tuna, ko da yake babu wanda ya koya daga wani. Shi ma yana kallon tsuntsaye. Yana kafa kalli da yamma ya duba da asuba. Idan birgi bai kawo komai ba ya koma mamari, ko ya jera gura da dusa a ciki. Yana sauya wuri, yana sauya zurfi, yana lura da wata, domin a daren farin wata kifi ya fi ganin taru. Hausawa dai sun daɗe da cewa kifi na ganinka, mai jar koma.

Inda suka rabu shi ne abin da ke biyo bayan ranar da ba a samu ba. Masunci yana da bashin dillalin da ya saya masa taru, kuma sharaɗin bashin yawanci shi ne a sayar masa da kifi a farashin da ya yanka. Wasu kan jingine jirgi su koma gona ko lambu. Wasu kan yi ƙaura zuwa wani ruwan, Shiroro ko Kainji ko tafkin Chadi, kafin rikicin Boko Haram ya dagula kasuwar Baga. Wasu kuwa kan ɗauki hanyar da ta fi sauƙi a yau, ta fi muni gobe, wato su rage idon taru har ya koma kamar gidan sauro, su kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai ga yin ƙwai ba.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da lantarki, jihohi kuma suna da ƙa'idojinsu a kan idon taru. Rubuta doka dai ba shi da wuya. Tsare tafki mai faɗin murabba'in kilomita 178 da 'yan tsirarun ma'aikata shi ne aiki, kuma a wurare da dama maganar Sarkin Ruwa ta fi takardar ofis tasiri.

Duk da haka, ba adalci ba ne a raina abin da aka samu. Yankin da a da ba ya ganin ɗanyen kifi sai a ƙarshen damina, ya zama mai ci da sayarwa duk shekara. Masu banda da masu suya da masu sassaƙa jirgi da masu ɗinkin taru, sana'o'i ne da ruwan ya zo da su ƙasar Rano da Kibiya da maƙwabtansu.

Mutanen ƙasan kogi

Kogin Kano ba a Kano yake ƙarewa ba. Yana haɗuwa da Kogin Challawa kudu da birni, su zama Kogin Haɗeja, ya ratsa Wudil ya nufi gabas. Bayan garin Haɗeja sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya mai tuddan rairayi, ya rarrabu ya malale, kafin ragowarsa ta haɗu da ta Kogin Jama'are ta zama Komadugu Yobe, ta nufi tafkin Chadi.

Wannan malala ita ce dausayin Haɗeja da Nguru, kuma rayuwar dubban ɗaruruwan mutane a kanta take. Idan ruwa ya hau, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Idan ya janye, masunta su tare mashigai, manoma su shuka a danshi, Fulani su sauko da shanu. Ambaliyar da mai zanen madatsa ke kallo a matsayin ruwan da ke tafiya a banza, a nan ita ce jari.

A shekarun 1960 ruwa kan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai kyau. A shekarun farin 1980 bai kai rabin haka ba. Ba za a ɗora wa Tiga laifin duka ba, domin ruwan sama kansa ya yi ƙaranci a wannan zamani. Amma madatsar ta riƙe babban kaso na ruwan da ke haddasa malalar, sannan a 1992 aka ƙara da madatsar Challawa a ƙasar Ƙaraye.

Wani abin da ba a yi tsammani ba shi ne illar ruwan da ake saki da rani. Hanyoyin da a da suke bushewa ƙurmus sai suka zauna da danshi duk shekara, ciyawar kacalla ta samu wurin yaɗuwa, ta toshe su. Ruwa ya daina zuwa inda ake jiransa, ya koma yana cin gonaki da gidaje a inda ba a bukatarsa. Jirgi ba ya ratsa kacalla, taru ba ya shiga, tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi kuwa sun samu gidan kwana.

A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun auna abin da ruwa ke samarwa a dausayin ta fuskar noma da kifi da itacen girki, suka kwatanta da abin da yake samarwa a gonakin shirin Kogin Kano. Sakamakon ya nuna cewa ruwa ɗaya ya fi riba nesa ba kusa ba idan aka bar shi ya malala. A shekarar 2000 aka sanya wani sashe na dausayin, wato tafkin Nguru da mashigar Marma, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, na farko a Najeriya.

A nan ne batun Haɗeja ke dawowa. Mutanen da suka fara jin raɗaɗin ba baƙi ba ne ga gwamnan, talakawan jiharsa ne. Gaskiya ne cewa a wancan zamani, daga Aswan ta Masar har Akosombo ta Ghana, ba a cika tambayar abin da zai sami na ƙasan kogi ba, kuma Audu Baƙo ɗan zamaninsa ne. Wannan bayani ne, amma bai mayar wa kowa da kifinsa ba.

Saukarsa

Shi kansa bai ga yawancin waɗannan abubuwa ba. A ranar 29 ga watan Yuli na 1975 sojoji suka hamɓarar da Janar Gowon yana halartar taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala. Sabon shugaba, Murtala Muhammad, wanda shi ɗan Kano ne, ya sauke gwamnonin jihohi 12 gaba ɗaya. Kanar Sani Bello ne ya gaji Audu Baƙo, shekara guda kacal bayan kammala Tiga.

An kafa kwamitin binciken dukiyar tsofaffin gwamnonin, kuma a farkon watan Fabrairun 1976 aka bayyana cewa an samu 10 daga cikinsu da laifi, aka kore su daga aiki tare da ƙwace wasu kadarorinsu. Biyu ne kaɗai aka wanke, Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Audu Baƙo yana cikin goman. Bayan 'yan kwanaki, a ranar 13 ga watan, aka kashe Murtala a Legas.

Masu ƙaunarsa kan so a tsallake wannan babi, amma yana cikin tarihinsa kamar yadda Tiga take. Abin lura shi ne hukuncin bai rage masa daraja a idon Kanawa ba. Daga cikin gwamnonin wancan zamani, da wuya a samu wanda jiharsa ke ambata da alheri kamarsa, kuma duk gwamnan da ya zo bayansa sai an auna shi da shi.

Ya koma noma a tsohuwar Jihar Sakkwato, ya yi zamansa nesa da harkokin mulki. Ya rasu a 1980, yana da shekaru kimanin 55.

Madatsun da ya bari sun ci gaba da nasu tarihin. Daga 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya koguna, Tiga ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. A watan Agustan 1988, bayan ruwan sama mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle ta yi ɓarna. Tsoron kada irin haka ta sami Tiga ya sa a 1992 aka rage tsayin mafitar ruwanta, abin da ya zabge fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da take iya riƙewa.

Sunansa na kan sakatariyar gwamnatin jiha, da wani babban titi a birnin Kano, da gidan namun daji, da kwalejin aikin gona ta Dambatta. Ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure, waɗanda ke mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai, su aka haɗa a dokar 2024 a matsayin Masarautar Rano mai daraja ta biyu.

Otal ɗin Rock Castle ya shafe shekaru masu yawa a yashe a kan dutsensa. Na Bagauda kuwa, wanda aka gina wa masu zuwa hutu bakin ruwa, an mayar da harabarsa reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya.